Fuskar da Ustaz Yake Nema

Zuwa ga Arwa 'yar Ustaz Abdulilah, sanyin idona, furen Ɗa'ifa da ya ɓata hanya ya tsiro a cikin baƙaƙen duwatsun Makka, yayyafin da mutanen garin nan suke fitowa titi su tara da tafin hannu saboda daɗewar da suka yi ba su gan shi ba.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mutumin da ya rasa inda zai sa kansa. Ki gaida mini Inna Maryama da ta ba ki masauki a Kudai, ko da yake wallahi da za ta kore ki ki koma gida, da godiyata ta fi haka yawa. Ƙanwata Ghada ce za ta kawo miki takardar nan. Ta rantse ba za ta buɗe ba, amma ni da ke mun san Ghada, don haka Ghada, idan kin kai nan, ki ji tsoron Allah ki naɗe. Na rubuta da Hausa duk da Larabci ya fi gudu a alƙalamina, saboda da Larabci nake yi wa ɗalibai tsawa, da Hausa kuwa kakata take rarrashina. Idan kin ga inda na karya harshe ki yi dariya, ni dai a ce mini kin yi dariya.

Tun ranar da kika haɗa kayanki kika bar gidanku na Jarwal, zama ya gagare ni. In na zauna sai in ji kamar kujerar ta wuni a rana, in na miƙe kuma ban san inda na nufa ba. A aji na sa yara su zana tulu, na juya ga allo zan nuna musu, sai na tsinci kaina ina jan layi ɗaya har allon ya ƙare, su kuwa suna ta ƙus-ƙus a bayana. Ana tashi daga makaranta, maimakon in nufi gida a unguwar Shisha, sai mota ta kama hanyar Kudai da kanta, in yi ta zagaye tashar motocin alhazai ina ɗaga kai ga benen da kike ciki. Shekaranjiya wani tsoho mai Umra ya ɗaga mini hannu, ya ɗauka tasi ce. Na ɗauke shi, Arwa! Na kai shi har kusa da Harami don kawai in sami dalilin sake juyowa. Wannan wace irin rayuwa ce? Tattabarun Harami da suke wuni suna tashi suna sauka, ai su ma suna da inda suke komawa. Mahaifiyata ta fara taɓa goshina tana tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Ghada ta gaya mini abin da kika ce. Kin ce ba ke nake so ba, umarnin malamina nake bi. Kin ce an miƙo mini ke kamar aikin gida, ni kuma na karɓa da hannu bibbiyu kamar ɗalibin kirki. Kin ce ba za ki koma gidan ba, kuma kada in kuskura in turo manyana. Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban ga laifinki ba, domin abin da kunnenki ya ji daga bayan labule haka aka faɗe shi, ba a rage ba. Ki dai bar ni in gaya miki abin da yake wannan gefen labulen, tun daga tushe. Ke kin san shi uba, ni na san shi malami, kuma akwai abubuwan da yake ba mu labari a aji waɗanda ba na jin yana faɗa a gida.

Ya gaya mana lokacin da yake Ettore, kafin ya zama Abdulilah. Ɗan wani ƙauyen masunta ne a kudancin Italiya, mahaifinsa yana gyaran hotunan da ke jikin bangon majami'u idan gishirin teku ya cinye su. Ettore ne yake dama launi, daga baya aka fara bar masa hannuwa, daga nan aka bar masa fuskoki, domin an ga yaron ya fi uban iya ido. Kafin ya yi gemu sunansa ya zagaye ƙauyukan, saboda wani abu guda: matar da mijinta ya nitse a teku ba a ga gawarsa ba takan zo ta zauna, ta yi ta kwatanta shi, girarsa kaza, haɓarsa kaza, Ettore yana saurare yana jan gawayi, har sai ta rufe baki ta fashe da kuka. Ya ce mana da zarar mace ta yi kuka ya san ya gama.

Aiki ne ya kawo shi Jidda, wani kamfanin gini ya ɗauko shi ya yi ado a bangon otal. A can ya haɗu da leburori Hausawa da suke ba shi shayi a gwangwani, yana kallonsu suna shimfiɗa buhun siminti su yi salla a tsakiyar rana. Bai shekara ba ya musulunta. Ranar da ya fara shiga Harami, ya ce bai iya ɗawafi da kyau ba, saboda tsayawa kallon mutane: baƙi, fari, ja, tsoho, jariri, duk fuskokin duniya suna wucewa ta gabansa suna kuka. Ya fito ya yi wa kansa alkawari ba zai sake zana fuska ba. Babu malamin da ya ɗora masa, shi ya ɗora wa kansa. Ya ce mana, "Wanda ya zana waɗannan ya gama aikin, ya waladi. Ni me zan ƙara?"

Sauran kin fi ni sani. Ya kama ɗaki a saman shagon kakanki a Jarwal, ya ga mahaifiyarki Hajiya Hauwa tana taya sayar da turare da atamfa, ta sa masa suna Mai Taliya, shi kuma ya koyi Hausa a bakinta har ta fito da karin mutanen Chadi, da hannuwa suna ta yawo a sama. Ya shiga makarantar maza yana koyar da zane sama da shekara talatin, kuma ajin da nake riƙe da shi yau nasa ne. Idan an tashi daga makaranta sai ya saɓi allonsa ya shiga lungu. Duk inda ya ji za a yi rusau, yana riga katafila isa, ya zana ƙofofi, ya zana tsofaffin tagogin katako masu sassaƙa, ya zana matattakalar da ta lotsa saboda sawun mutane. Unguwanni nawa ne yau ba su da sauran alama sai a ɗakin zanensa? Babu mutum ko ɗaya a cikin hotunan, amma ba za ki ce kango ba ne, domin a bakin kowace ƙofa yana ajiye takalma. Haka ya koya mana. Yakan ce, "Duba dunduniya. Wannan mai shi yana da ƙiba, wannan yana ɗingishi, wannan baƙo ne, ya jera nasa da ladabi." Mukan yi wata guda ba mu zana komai sai silifas.

Da Hajiya ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama, ba ta bar hoto ko ɗaya a gidan ba, domin ba ta yarda a ɗauke ta. Kabarinta kuwa irin na garin nan ne, ba suna, ba alama. Ustaz bai damu ba a lokacin, ya ce tana cikin kansa. To, kan ne yanzu ya fara yoyo. Ke kike ɗauko masa tabarau daga cikin firiji, ke kike tuna masa ya riga ya ci abinci, ba sai na gaya miki ba. Hannun kuma yana rawa, ko kofin shayi sai ya riƙe da biyu.

Ranar da abin ya faru, na tarar da shi zaune a gaban farar takarda, gawayi ya ɓata masa riga. Bai amsa sallamata ba. Ya ce, "Ma'aruf, fuskar Hauwa tana tafiya. Jiya ina da idanun, yau babu. Na karya alkawarina, Allah ya yafe mini, amma hannu ya ƙi. Kai za ka zana." Na ce Ustaz, ai ni ban taɓa ganin fuskar Hajiya ba, nikabinta kawai na sani. Ya buga cinya kamar wanda ya warware lissafi, ya ce, "Arwa! Goshi, hanci, baki, duk na uwarta ne. Ka aure ta, halas, ka ga fuska. Ta zauna maka, ni in gaya maka sauran." Ni kuma na sunkuyar da kai na ce, "Hadir, Ustaz." Sai na ji an dire faranti da ƙarfi a bayan labule, kofuna suka yi ƙara, sawu ya yi nisa.

Hadir! Kaicon wannan kalma ta "to, an gama"! Ita nake ba shi tun ina yaro: wanke buroshi, hadir, sake wannan layin, hadir, ɗauko allo mu tafi, hadir. Bakina bai san wata amsa ba a gabansa. Amma Arwa, da kin ga cikin ƙirjina a wannan lokacin! An ɗauko abin da na shekara da shekaru ina so, kunya da kwarjinin Ustaz sun hana ni furtawa, an aje mini a tafin hannu ba zato ba tsammani. Zuciyata tana tsalle kamar yaron da aka ce gobe babu makaranta, harshena kuwa ya yi abin da ya saba. Ban tsaya na ji yadda maganar za ta sauka a kunnenki ba. Uba yana ba da ke don a sami abin kwaikwayo, saurayi yana karɓa kamar an aike shi kanti, babu wanda ya juya ya ce Arwa, ke me kika gani? Ko ni ne, ba Kudai ba, sai na dangana da Madina.

To amma ki tambayi kanki, ya hasken safiyata, ta yaya zan so ki saboda fuska, alhali rabona da ganin fuskarki tun kina yarinya kina gudu da rake a hannu? Ni takalminki na fara so. Duk Alhamis da na zo ƙarin darasi, kafin in yi sallama sai na duba bakin ƙofa, yadda aka koya mini. Na Ustaz a jere, na Hajiya a jere, naki kuwa ɗaya a gabas ɗaya a yamma, wani lokaci ɗaya a kife, irin na mai shiga gida da gudu don tana da abin yi a ciki. Wata rana na ga ɗigon shuɗin fenti a igiyar na hagu. Na tsaya ina kallonsa har Ustaz ya leƙo ya ce ko an dasa ni ne.

Kin tuna hoton ƙofar mai gyaran agogo? Na sha wahalarsa, inuwar ta ƙi zama, ta yi baƙi ƙirin kamar an zubar da tawada. Na bar shi ya bushe a zaurenku na tafi ina jin haushin kaina. Da na dawo, inuwar ta kwanta lumui, da ɗan shuɗi a cikinta, har mutum yana jin sanyin la'asar. Ustaz ya ɗaga hoton yana ta sambarka, ya ce yau Ma'aruf ya zama mai zane, ya rataye shi a bango. Na buɗe baki zan ce ba ni ba ne, sai aka yi gyaran murya a bayan labule, na haɗiye. Da zan fita na ce da ƙarfi, Allah ya saka wa mai inuwa da alheri. Kika amsa ƙasa-ƙasa, "Inuwar la'asar ba baƙa ba ce, malam. Ka riƙa buɗe ido." Wayyo Arwa! Tun daga ranar ban sake ganin inuwa ban tuna da ke ba, kuma kin san a Makka ba abin da mutum yake wuni yana nema kamar inuwa. Wannan ma malamina ne ya umarce ni? Shi ya ce in riƙa barin aikina da gangan da ɗan kuskure a ciki, don in dawo in tarar an gyara? Na sha yin haka, kuma na san kin gane.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya bayan la'asar na je Jarwal. Gidan ya yi shiru, tukunyar taliya tana kan murhu ba a taɓa ba. Ustaz ya ganni ya yi murna, ya ce yaushe manyana za su zo. Na ce, "Ustaz, a'a. Ba zan zana ba." Ban taɓa ce masa a'a ba, shi ma bai taɓa ji daga bakina ba, don haka muka tsaya muna kallon juna kamar baƙi. Daga nan ya ɓarke da Italiyanci, hannuwa suna sama, ya jefe ni da tsumman goge buroshi, ya nuna mini hanya yana cewa barra, barra, wato in fita waje. Na ja da baya amma ban fita ba. Na ce masa Arwa nake so, tun kafin ya yi wannan tunani, kuma idan zan same ta ne a matsayin abin kwaikwayo, na haƙura da samun, in ci gaba da so daga nesa. Na ce kuma akwai wadda ta san fuskar Hajiya fiye da ni da shi, ta kalle ta tun daga goyo har ranar da aka rufe ta, kuma hannunta ya fi nawa.

Bai gane ba. Na sauko da hoton ƙofar mai agogo daga bango, na nuna masa inuwar, na ce wannan da ka yaba, ba ni na yi ba. Ya sa tabarau, ya kai hancinsa dab da allon, ya daɗe yana bin sawun buroshin da yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Arwa tana zane?" Na ce tana yi. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce ban sani ba, ina jin tun tana sauraren darasi daga bayan labule. Ya lalubi kujera ya zauna. Ya ce, "Na koya wa 'ya'yan mutane, har waɗanda ba sa so. Ita ban taɓa miƙa mata buroshi ba." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya, ko a ranar jana'iza ya daure. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa har aka kira magariba.

Na tona miki asiri ba da izininki ba, na sani, ki haɗa da sauran laifina. Ba kuma cewa nake ki zana ba. Fuskar mahaifiyarki ce, hannunki ne, in kin ga dama ki yi, in ba ki ga dama ba babu mai tilasta ki. Abin da yake nawa shi zan yi alkawari a kai: ba zan zana fuskarki ba, ba don Ustaz ba, ba don kowa ba, ko da Allah ya ƙaddara na wayi gari ina kallonta kullum har tsufa. In kalle ki don ke ce Arwa, mai jefar da takalmi, mai gyara wa mutum aiki ta kuma yi masa gori, wannan ya ishe ni. Kawuna Sabo ya riga ya ba da babbar rigarsa guga, yana ta tambayata yaushe, na ce masa ya ninke ya ajiye. Kin ce kada in turo manya, ba zan turo ba sai ranar da kika ce.

Amma akwai wanda zai zo. Kafin in fito Ustaz ya riƙe hannuna ya ce in kai shi Kudai ranar Juma'a bayan la'asar, yana da magana da 'yarsa. Ya ce in zo da wuri in tuna masa abin da za shi yi, kuma in ya musa kada in ƙyale shi. Kin ji irin roƙon da mutumin da ya haddace kowace ƙofa a Jarwal yake yi yanzu? Yau da na biya da safe, ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne, sai da na yi magana ya gane muryata ya yi dariya ya ce wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba, Arwa. Amma bai manta da maganar jiya ba. Na tarar ya ware buroshinsa mafi kyau, wanda ko ni bai taɓa bari na taɓa ba, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu tun yanzu.

Zan hau da shi har saman bene saboda ƙafarsa, in miƙa shi ga Inna Maryama, in sauko in zauna a mota. Ba zan yi sallama da ke ba, ba zan nemi ko ruwa ba. Ya ke wadda raina ya zaɓa tun bai san ana zaɓe ba, ki yi fushi da ni yadda kike so, wata ko shekara, ki bar ni in yi ta zagaye Kudai har direbobin tasha su sa mini suna. Zan jure, ni ina da lokaci. Shi ne ba shi da shi. Ki saurare shi ranar Juma'a, tun yana sane da abin da ya zo roƙo.

Naki ne ni, ko kin amsa ko kin yi shiru, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa a yi mini salla a Harami,

Ma'aruf